Gashi da Farcen Yaya Habu

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin nan daga bakin kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, wai wata 'yar boko ta zo daga jami'a ta karɓi gashin Baffanku Habu da farcensa, daga nan bai ƙara lafiya ba. Kun ji shi a tsakar gida, kun ji shi a wurin biki, har kwanan baya na ji ɗayarku tana ba nata 'ya'yan shi da ƙarin gishiri, wai matar idonta ja ne. Idonta ba ja ba ne, tabarau take sawa. Ina zaune ake ba da labarin nan shekara da shekaru ban taɓa cewa uffan ba, wani lokacin har kai nake gyaɗawa. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru da hannuna, don waɗanda suka san gaskiyarsa duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni, kuma ni ne mai laifin.

Yaya Habu ne ya fara zuwa Kano daga ƙauyenmu na wajen Gumel. Ya samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa, inda ake gyara fatun awaki da na tumaki a tura ƙasashen waje. Da ya zauna da gindinsa sai ya aika aka kawo ni, bayan rasuwar mahaifinmu kuma muka ɗauko Inna. Gida ɗaya muka kama a Panshekara, shi da matarsa Asabe a ɗakin gabas, ni da uwarku a na kusa da rijiya, Inna a tsakiya tana ganin shigar kowa da fitarsa. Shi a sashen ganguna yake. Wasu manyan gangunan katako ne masu juyawa, a zuba fata a ciki da ruwa da wani koren gari da ake kira kurom, idan ta jiƙu a buɗe, mutum ya zura hannu har gwiwar hannu ya jawo ta tana ɗiga, ruwan ya bi ƙafafunsa ya gangara kwata, kwatar ta kai shi kogi. Ni da yake na yi firamare, ina iya karanta lamba in cika takarda, shekara huɗu da zuwana aka naɗa ni heluma, wato shugaba a kan mutum ashirin da biyu, har da yayana. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Haka Allah ya yi shi, idan ka ce masa ga ruwa can, zai ɗauki bokiti ba tare da ya leƙa ba. Ni kuwa da zargi aka haife ni. Mutum ya gaishe ni sau biyu a yini ɗaya, sai na wuni ina tunanin abin da yake nema a wurina, kuma a lokacin wayo nake kiran wannan hali.

Ba kuma haka kawai nake zargin ba. Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda kamfanoni suka fara rage ma'aikata, daga Bompai har Sharada, kullum sai ka ji an liƙa takarda a get. Mun lura, ko kuma mun ɗauka mun lura, cewa duk wanda ya je ɗakin shan magani na kamfani sau biyu sau uku, sunansa na cikin takarda ta gaba. Saboda haka kowa ya koyi ɓoye ciwonsa. Mai tari ya haɗiye tarinsa idan manaja zai wuce, mai gyambo ya naɗe da tsumma ya ce kwano ne ya yanke shi. Yaya Habu ya fi kowa abin ɓoyewa. Shekararsa tara a bakin ganga. A bayan hannayensa akwai wasu ƙananan gyambuna zagayayyu masu zurfi, kamar an huda da ƙusa mai zafi, ba sa warkewa, hancinsa kuma yakan yi haɓo ba gaira ba dalili. Na san ranar da wani mai biro ya ƙare wa hannayen nan kallo, ranar aikinsa ya ƙare, ga shi da 'ya'ya biyar.

Ana cikin haka, wata Litinin da hantsi manaja da kansa ya shigo sashenmu yana ɗage ƙafar wando, a bayansa wata mace siririya mai tabarau, ta ɗora farar riga a kan atamfa, ta yafa gyale. Ya ce wannan Dakta Rabi ce daga jami'a, ta zo bincike, a ba ta haɗin kai. Laifinta na farko a wurina ke nan, wanda ya kawo ta. Hausarta ta cikin birni ce tsantsa, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali, ni kuwa na ce a raina ai dole ta yi ladabi, mai nema ce.

"Ni ba likitar ba da magani ba ce," in ji ta. "Aikina duba abin da ido ba ya gani. Garin nan da kuke jima da shi, so nake in san ko a fata yake tsayawa, ko kuwa yana shiga jikin mutum ya zauna. Idan ya shiga, yana barin alama a jini da gashi da farce. Abin da nake roƙo ke nan, kaɗan-kaɗan daga wurin kowa."

Wani dattijo mutumin Damagaram da muke aiki tare ya goge hannu a riga ya ce,

"Hajiya, jini dai ki yi haƙuri. Ɗan wanda ya rage mana amfani muke da shi."

Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ce to a bar jini. Ta ciro almakashi daga jaka, sai ga ƙarti ashirin da biyu suna ja da baya kamar maciji ta ciro. Mace, baƙuwa, ta taɓa kan magidanci, sannan ta tafi da gashinsa a jaka? Ta gane nan take, ta mayar da almakashinta. Aka daidaita a kan za ta ba kowa ambulan mai lamba, idan mutum ya yi askin Juma'a ya zuba gashi da farce a ciki, heluma ya tattara ya kai mata. Ta ce sunaye a littafinta kaɗai suke, kamfani lamba kawai zai gani. Da azahar na hango ta ta taga a ofishin manaja an kawo mata lemo. Na ce to, mun ji.

Kwana biyu bayan nan ta aiko in same ta a wani ɗan ɗaki kusa da sito da aka ba ta. Ina shiga na tsaya cak. Kwalabe ne jere a kan benci, kowace an cika ta da ruwa, an ɗora mata albasa a baki, an liƙa mata takarda. Ku duba mini wannan: mace mai neman gashi da farcen mutane, ga ta kuma da albasa a bakin kwalba. Ko bokan ƙauyenmu bai tara kayan aiki haka ba. Ta ɗaga albasa ɗaya, saiwoyinta farare dogaye kamar gemun dattijo, ta ce wannan ruwan famfo ta sha. Ta ɗaga wata, saiwoyin guntaye, sun murɗe sun yi ruwan ƙasa, ta ce wannan daga kwatarmu ta ɗebo ruwan, har ma sai da ta sirka shi. Sannan ta yanki kan saiwar, ta ɗiga masa wani jan ruwa, ta matse shi tsakanin gilasai biyu, ta sa a madubin likita ta ce in leƙa. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Wasu 'yan ɗakuna na gani jere kamar bulo a katanga, kowane da ɗigo a cikinsa.

"Da irin waɗannan aka gina albasa, da su aka gina ni da kai," ta ce. "A cikin kowane akwai wasu zaruruwa. Idan jiki zai girma ko zai warkar da ciwo, sai ɗaki ɗaya ya rabu biyu, zaren ma ya rabu daidai wa daida. Yanzu duba na ruwan kwata. Ka ga zaren ya tsinke, wani ya maƙale a tsakiya? Abin da nake ji muku tsoro ke nan, Malam Sule. Amma masu kamfani ba za su saurari albasa ba. Sun ce idan na nuna musu a jikin mutane, za su kawo safar hannu da takalman roba, waɗanda abin ya fi kamawa kuma a mayar da su sashen shanya fata, inda babu ruwa."

Gaskiya ban ga zaren da ya tsinke ba, ɗigo-ɗigo kawai na gani, amma na ce na gani. Abu ɗaya kunnena ya ɗauka a duk bayanin nan: waɗanda abin ya fi kamawa. Wato za a san su ke nan. Ina kuma ganin na daɗe a kamfani, ba za a yi mini daɗin baki ba. Yaushe masu kamfanin da ke korar masu lafiya za su nemi marasa lafiya don su ba su inuwa? Na fito na bar ta da albasarta, na ce a raina ko dai da ita aka haɗa baki, ko kuma amfani ake da ita ba ta sani ba, kuma duk ɗaya ne a wurinmu.

A gida ban ma kai ga buɗe baki ba, Yaya Habu ya ba da labari yana cin tuwo, da murnarsa. Inna ta ajiye mafici. Ku da kuka san ta kun san yadda take da gashi. Idan aka yi mata kitso sai ta tsince duk silin da ya faɗi, ta dunƙule ta tusa a ramin katanga, farce kuwa ta tona gindin bango ta binne da bismilla. Mun tashi muna ganin haka, ba mu taɓa tambayar dalili ba, don kowa ya san abin da mugu ke yi da su idan suka shiga hannunsa. Yayana ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, saboda haka ni ta juyo ta fuskanta.

"Sule, gaya wa wannan mutumin, idan hankalinsa ya tafi kiwo, nawa yana nan. Gashi da farce? To me ya rage, sai ƙasar sawunsa?"

"Inna, bincike ne fa," in ji shi. "A madubi ake dubawa."

"Kowa ma da madubinsa yake duba. 'Yar wace ce? Wa ya san gidansu? Mace tana yawo cikin maza tana tara gashi, kuma ku ce mini lafiya?"

Asabe ta sa baki a hankali, ta ce ai hannun nasa kullum ƙara ci yake, ko Allah zai sa a gane maganin. Inna ta ce ba da ita ake ba. Ta ce idan har ita ta haife mu, kada wanda ya ba da ko sili ɗaya. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan san abin yi. Ban yarda da maganar sammu gaba ɗaya ba, rabi na yarda, amma tsorona da nata hanya ɗaya suka bi, kuma ya yi mini daɗi in ji uwata tana bayana.

Ranar Asabar da safe muna tura kekunanmu a hanyar Challawa, sai ya tsaya ya ciro ambulan daga aljihu, yana waiwaye kamar Inna na biye da mu.

"Ungo. Lamba bakwai. Jiya na yi aski, da kaina na tsince abina. Kada ka gaya wa Inna."

"Yaya, ka san abin da kake yi kuwa? Idan suka ga abin a jikinka fa?"

"To ai shi nake so a gani. Shekara nawa ina shafa man shanu da toka? Ni dai so nake in san abin da ke cina, Sule. Idan aikin ne, in sani. Idan ba shi ba ne, in sani."

Na karɓa na sa a aljihu. Na bi shi da kallo yana hawa keke da hannu naɗe da tsumma, tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, yadda mutum zai kai kansa mahauta yana murmushi. A wurin na ƙudurta zan cece shi ko yana so ko ba ya so.

Sauran mutanen ba su ba ni wahala ba. Na same su wurin mai shayi a bakin get lokacin da Yaya ya shiga masallaci, na ce kowa ya riƙe gashinsa, ambulan kawai zai ba ni, kuma kada Habu ya ji don cikinsa ba ya riƙe magana. Suka yi ta sa mini albarka. Da na koma gida na zagaya baya, na juye abin da ke cikin lamba bakwai a gindin katanga, na binne da bismilla yadda aka koya mana. Lahadi na hau keke zuwa kasuwar wani ƙauye bayan Kura, inda na san wani wanzami ɗan garinmu. Da farko ya ƙi, ya ce gashin mutane amana ne, shi da kansa yake binnewa idan kasuwa ta tashi. Da na ce masa 'yan boko za mu yi wa wayo don kada a kori talakawa daga aiki, sai ya yi dariya har da buga cinya. Na wuni a gefensa, duk manomin da aka aske aka yanke wa farce, in tattara in zuba a ambulan in lashe baki in rufe, har ashirin da biyu suka cika da kayan mutanen da ba su taɓa ganin ganga ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa idan akwai sammun da Inna ke tsoro, to bayin Allah na miƙa a madadinmu. Uwarku ta ga ambulan a jakar keke ta tambaye ni, na ce aikin ofis ne, ta dube ni ta ce ofis ɗin ne ke warin sabulun aski, na ce ta kula da tukunyarta.

Litinin na kai wa Dakta. Ta buɗe ɗaya ta zazzage a kan farar takarda, ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Ta ɗauki farce ɗaya da ɗan hantsaki ta kai kusa da taga.

"Malam Sule, farcen da na gani a hannun mutanenka kore-kore ne. Waɗannan fa?"

Na riga na shirya amsa tun a hanya.

"Kunya suka ji, Dakta. Sai da suka dirje da toka da lemon tsami kafin su yanke. Wa zai ba mace farce mai dauɗa?"

Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. Can ta ce ba komai, abin da take nema a ciki yake, wanki ba ya fitar da shi. Ta yi mini godiya, ta ce ba don ni ba da aikin bai yiwu ba. Na fito ina jin duk Challawa babu mai wayona.

Wata huɗu shiru. An rage mutane a tsakanin, amma daga sashen gishiri, sababbin ɗauka, kuma ba wanda ya tambayi lafiyarsu. Sannan ta dawo. Aka tara mu a gaban sito, manaja fuskarsa kamar ranar salla. Ya ce bincike ya nuna ma'aikatan ganguna lafiyarsu ƙalau, abin da aka samu a jikinsu bai fi na manoman ƙauye da Dakta ta gwada don kwatance ba. Ai dole bai fi ba. Ita kuwa ta ce ruwan kwatar yana lalata ƙwayoyin halitta, ta gani a saiwar albasa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma sakamakon mutanen bai kwanta mata ba. Ta roƙa a bar ta ta sake, wannan karon ta zo da ma'aikacin asibiti namiji ya yanka a gabanta.

"Haba Dakta," in ji manaja, "mutum ai ba albasa ba ne. Ke kika gwada, ke kika rubuta. An gama."

Mutanena suka yi dariya suna satar kallona. Da aka tashi aiki na tarar da ita a bakin get, ashe ni take jira.

"Malam Sule, tsakaninka da Allah, na mutanen nan ne ka kawo mini?"

"Abin da ke cikin ambulan shi na kawo miki, Dakta."

"Na ga hannun mai lamba bakwai da idona. An ce mini yayanka ne. Takardata ta ce ba abin da ya shiga jikinsa, kuma sunana ne a ƙasanta. Idan akwai abin da ka sani, yau ce ranar faɗa. Gobe ba za su bar ni in shigo ba."

Na ce ban san komai ba. Har a lokacin tarko nake gani, so take in furta ta kai wa manaja. Ta ɗan tsaya, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta taka da ƙafa har bakin titi ta tari motar haya. Ban ƙara ganinta ba.

Mako bai cika ba mai sito ya kira ni in sa hannu a wata takarda, na tarar ana loda kwalaye a mota. Na tambaya, ya ce safar hannu ce da takalman roba, tun watan jiya suka iso ana jiran sakamako a raba, yanzu an ce a mayar. Ya ce har gurbi shida aka ware a sashen shanya, shi ma an fasa. Na ce su wa aka so a sa? Ya ce wa ya sani, ai manaja ya yi ta fama da matar nan ta ba shi sunaye tun farko, ta ce sai dai idan sakamako ya fito ta tara mutanen ta gaya musu da bakinta. Na sa hannu a takardar ban san abin da ke cikinta ba. Na zagaya bayan sito na tsuguna ni kaɗai. Za ku ce me ya hana ni hawa mota in je jami'a in neme ta. Na yi niyya ya fi sau goma. Tsoro ne ya hana ni, tsoron a kore ni da mutanen da suka bi ni, da tsoron da ya fi wannan, wato yayana ya ji. Su ma mutanen da suka ga an tafi da kwalayen, kowa ya ja bakinsa ya yi gum, muka daina haɗa ido a wurin mai shayi.

Yaya Habu kuwa murna ya yi. Ya ce alhamdu lillahi, ashe ba aikin ba ne, ciwo ne kawai irin na jini. A cikin murnar ya faɗa wa Inna cewa ya ba da nasa, ga shi kuma ba abin da ya faru. Inna ta ɗora hannu a ka. Daga ranar duk abin da ya same shi, ko tuntuɓe ya yi, matar nan ce. Aka shiga rubutu da turare da saiwoyi, ana neman karya abin da ba a ƙulla ba, ana tsine wa baiwar Allah da ko silin gashinsa ɗaya ba ta taɓa riƙewa ba. Bayan shekara wani abokinsa ya samo masa aikin gadi a wani sito a Bompai, aikin zama a inuwa. Na roƙe shi ya karɓa, har na yi masa faɗa kamar ni ne babba.

"Kai fa ka kai gwajin da hannunka," ya ce. "An ce ba aikin ba ne. In bar aikin da na iya in je in zauna ina kallon motoci? Me ke damunka ne, Sule?"

Abin da na iya yi kawai, na riƙa sa shi tura amalanke duk ranar da na samu dama, shi kuma ya riƙa komawa ganga, wai kada a ce ƙaninsa na fifita shi. Ya ƙara shekara uku a wurin. A ta ukun ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta tashi, aka kai shi asibiti suka ce ƙoda ce, duka biyun. Ba zan ce muku kurom ne ya kashe shi ba, ni ba likita ba ne, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne ya nemi sanin gaskiyar jikinsa don ya yi shawara da ita, ni kuma na ba shi ta wani manomi da ko sunansa ban sani ba.

Da asibiti suka sallame shi muka dawo da shi gida. Wata safiya Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa, Asabe na wanki a bakin rijiya, ya sa aka kira ni ɗaki. Ya ce in matso, don muryar ba ta fita sosai. A kamfanin nan al'ada ce, idan ma'aikaci ya rasu ko ya gaza, heluma na iya kawo ɗansa a gurbinsa, kuma Garba, babban ɗansa, lokacin ya kai sha tara.

"Sule, ni na san ba tashi zan yi ba. Gurbina nake so ka riƙe wa Garba. Ka sa shi a gangata, na riga na koya masa aikin da baki. Tunda an gwada an ce ba ya cutarwa, hankalina a kwance yake."

Na ce a bari ya warke tukuna. Ya ce in bar wannan maganar, alkawari zan yi masa. Ya miƙo hannun nan ya kama nawa. A nan ƙarya ta ƙare mini. Na gaya masa komai, tun daga wanzami har kwalayen da gurbi shida, kaina a ƙasa, ina magana kamar mai karanta wasiƙar wani. Na ce Garba ba zai taka sashen nan ba muddin ina numfashi. Bai saki hannuna ba.

"Nawa fa? Ina ka kai shi?"

"Na binne a gindin katanga, Yaya."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ya ce,

"Kada Inna ta ji. Ɗa ɗaya ya ishe ta rasawa."

Na ce to. Na ce ya yafe mini. Ya lumshe ido, na ɗauka barci ne ya ɗauke shi. Na zare hannuna a hankali na miƙe, har na kai bakin ƙofa.

"Sule."

"Na'am, Yaya."

"Da ka bari sun kore ni."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma ce ya yafe ba. Amma duk kwanakin nan, idan gefensa ya gaji da kwanciya, ga matarsa ga ɗansa, ni yake kira in juya shi.